Shin jam'iyya na iya tsige shugaban majalisa? Gaskiya da ƙarya a rikicin Saraki

Duk lokacin da aka ji an soma tsamin dangantaka tsakanin shugaban majalisa da jam'iyyarsa, sai a tono labarin tsohon shugaban majalisar dattawa Bukola Saraki, kuma galibi a karkace ake ba da shi. Wani ya ce APC ce ta tsige shi, wani ya ce tun farko ba bisa ƙa'ida ya hau kujerar ba, wani kuma ya rantse cewa ranar da ya koma PDP kujerar ta haramta gare shi. Akwai gaskiya a cikin maganganun, amma ƙaryar ta fi yawa.

Cewa Saraki ya bijire wa jam'iyyarsa gaskiya ne, babu wani kwana-kwana. A watan Yunin 2015 APC ta tsayar da Ahmad Lawan a majalisar dattawa da Femi Gbajabiamila a majalisar wakilai. Ranar 9 ga watan, sanatocin APC da dama suna Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa a Abuja suna jiran ganawa da Shugaba Buhari, sai aka buɗe majalisa, sanatoci 57 da ke zauren suka zaɓi Saraki ba hamayya, akasarinsu 'yan PDP. Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimaki. A majalisar wakilai ma Yakubu Dogara ya kayar da Gbajabiamila da ƙuri'u 182 da 174. Duk wanda ya kira wannan cin amanar jam'iyya yana da hujja, kuma ni ma ina ganin an yi wa abokan tafiya wayo marar daɗi.

Inda maganar ta kauce shi ne cewa zaɓen ya saɓa wa tsarin mulki. Sashe na 50 na kundin 1999 ya ce 'yan majalisa ne ke zaɓar shugabansu daga cikinsu. Bai ambaci jam'iyya ba, bai ce sai ɗan jam'iyya mai rinjaye ba. Adadin da ake buƙata don zama ya halatta kashi ɗaya cikin uku ne, wato sanatoci 37, kuma 57 sun haura haka nesa ba kusa ba. An shigar da ƙara kan zargin sauya dokokin zaman majalisar, amma gwamnati ta janye ta a watan Oktoban 2016.

Batun sauya sheƙa ya fi ruɗa mutane. Saraki ya fice daga APC ranar 31 ga Yulin 2018, shugaban jam'iyyar na lokacin, Adams Oshiomhole, ya dage cewa sai ya sauka. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyar ta rabu gida biyu, kuma da wannan ƙofa masu ficewa ke fakewa. Wannan kuwa kujerar sanata ce, kuma ana rigimarta ne a kotu. Shugabancin majalisa hanyarsa daban: sai an samu ƙuri'un kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar, wato 73 cikin 109. Wasu 'yan APC sun so a ƙirga waɗanda suka halarci zama kawai, amma kalmomin Sashe na 50 na magana ne kan 'yan majalisar, ba mahalarta ba. Kakakin majalisar wakilai Aminu Waziri Tambuwal ma ya bar PDP a Oktoban 2014, aka janye masu tsaronsa, har 'yan majalisa suka haura katanga, amma ba a tsige shi daga kujerar kakaki ba.

Saboda haka ba a tsige Saraki ba. Ko ranar 7 ga Agustan 2018, da jami'an DSS suka tare ƙofar majalisa, wanda ya rasa aikinsa shugaban hukumar ne, Lawal Daura, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sallame shi a ranar. Masu zaɓen Kwara ta Tsakiya ne suka kayar da Saraki a 2019, suka ba Ibrahim Oloriegbe kujerar, shi kuma ya riƙe shugabancin har majalisa ta takwas ta kammala.

Kada kuma a ɗauka kujerar ba ta girgiza. An tsige Evan Enwerem a 1999 da Chuba Okadigbo a 2000, Adolphus Wabara ya yi murabus a 2005, kakakin majalisar wakilai Patricia Etteh a 2007, dukkansu 'yan PDP a majalisun da PDP ke da rinjaye. A kowane lokaci abokan zamansu ne suka juya musu baya a cikin zaure, ko da kuwa an hura wutar daga fadar shugaban ƙasa ko ofishin jam'iyya. APC ba ta taɓa haɗa sanatoci 73 a kan Saraki ba.