Sanin Da Ke Cikin Ofishin Hakimi, Da Yadda A Ke Tsare Shi

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasashen Jabo da Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, a kan wata dukiya wadda ba a cika lissafa ta cikin kayan ofis ba. Idan sabon malami ya kama aiki a kan ƙirga masa tebur da kujeru da makullai, ya sa hannu ya karɓa. Amma ba mai ƙirga masa sanin da ofishin ya tara, watau inda iyakar ƙauye kaza ta tsaya, da ta inda burtali ya bi, da wanda aka ba aron fadama da sharaɗin da aka yi. Alhali kuwa ɓatan tebur ba ya jawo faɗa, ɓatan iyaka shi ke jawowa.

Masu binciken sha'anin ma'aikatu sun raba sani gida biyu. Akwai wanda ke rubuce, ana iya ɗaukarsa a miƙa wa wani. Akwai kuma wanda ke cikin kan mutum da hannunsa, wanda shi kansa mai shi ba ya iya faɗinsa duka. Wani masani mai suna Michael Polanyi ya yi littafi a kan wannan na biyun a shekara ta 1966. A 1995 kuma waɗansu malamai biyu na ƙasar Japan, Nonaka da Takeuchi, suka nuna yadda kamfanoni ke mai da shi rubutacce. Sun kawo labarin kamfanin Matsushita, wanda ya so ƙera injin burodi na gida a 1985, amma kwaɓin ya ƙi yin kyau. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta tafi ta zama almajirar babban mai burodi na wani otel a birnin Osaka. Da ta daɗe tana kallo tana gwadawa, ta gane ashe yana murɗa kwaɓin sa'ad da ya ke jansa, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Aka ƙera injin ya riƙa yin haka. To, tsohon dagaci wanda ya san kowace kuka da kowane kwazazzabo na ƙasarsa, shi ne mai burodin nan.

Abin Da Magabata Suka Yi

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gama littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, gidan Waziri shi ne matattarar wasiƙun da ke kai da komowa tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya kafa wannan al'ada, zuriyarsa suka riƙe. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya juya su da Turanci aka buga a 1927. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tsare littattafai da takardun gidan da kyau ƙwarai, har suka zama ginshiƙin littafin Murray Last a kan daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967.

Amma akwai abin lura a cikin wasiƙun nan. Yawancinsu gajeru ne, da yawa kuma ba su da kwanan wata. Mai aikawa ya san ranar, mai karɓa ya sani, manzon da ya kawo takarda kuwa zai cika sauran bayani da baki. A lokacin ba laifi. Yau da duk ukun suka ƙaura, sai masani ya yi ta gwama wasiƙa da wasiƙa kafin ya gane wadda ta riga wata. Malamin da ya rubuta takardar sulhu ya bar ta ba kwanan wata, irin wannan wahala ya ke tanada wa na bayansa.

Wajen yaɗa sani kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu ta nuna hanya: ta koya wa jajjis, su kuma su koma ƙauyuka su koya wa 'yan taru. Ba ta jira kowa ya zo ya nema ba.

Zamanin En'e Da Bayansa

A zamanin Turawa aka ɗora mulki bisa takarda. Kowane hakimi yana da malamai masu riƙe littafin haraji da na jangali, kuɗi na shiga Baitulmali da rasit, Di'o kuma yana da littafin kowace gunduma wanda a ke rubuta tarihinta da jerin sarakunanta da iyakokinta. Idan an yi masa canji, dole ya bar wa magajinsa takardar miƙa aiki. Daga irin waɗannan rahotanni E. J. Arnett ya tsara littafin bayanin Lardin Sakkwato a 1920. A Zariya kuma aka yi makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, inda ma'aikatan En'e ke zuwa kos.

Tsarin yana da aibinsa. An yi shi ne domin haraji da sauƙin mulkin baƙo, saboda haka takarda sama ta ke tafiya, daga dagaci zuwa hakimi zuwa Razdan, ba ta cika saukowa ba. Abin da aka rubuta a kan ƙasa ya fi yawa a ofishin lardi bisa ga ƙasar kanta. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ayyuka da yawa suka bar hannun sarakuna, littattafai suka warwatsu. Fayilolin Lardin Sakkwato na wancan zamani suna ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma hukumar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu a cikin Sakkwato. Hakimin da ya rasa tsohon bayanin ƙasarsa, can ya kamata ya fara aikawa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Lalle ne kowane ofishi ya sami littafi ɗaya ɗaurarre, mai lamba a kowane shafi, ba takardu warwatse ba, gama shafin da aka yage daga littafi mai lamba ba ya ɓoyuwa. Duk maganar gona ko burtali ko mashaya da aka yanke a gaban hakimi a shigar da ita a ranar, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da sunayen shaidu, da dalilin hukuncin. Dalilin nan shi a ke yawan bari, shi kuwa ya fi amfani, don wanda ya san abin da ya sa aka yanke magana zai iya yanke irinta. A guji kafa iyaka da itace kaɗai. A ce an rubuta "daga tsamiya zuwa rafi", sa'an nan aka sare tsamiyar, rafin kuma ya sake hanya bayan damina mai ruwa. Takarda na nan, amma ba ta raba gardama. Sai a haɗa da alamu uku ko huɗu, da sunayen maƙwabta ta kowace kusurwa.

Sanin da ke kan dattawa kuwa ba a samunsa daga kujera. Tsoho ba ya tuna iyaka a zaure kamar yadda zai tuna ta idan ya taka ta. Da rani, bayan an kau da amfanin gona, hakimi ya tura malaminsa su zaga tare da dagaci da ardo da masu unguwanni, malami yana tambaya yana rubutawa. In an dawo a karanta a gaban jama'a, wanda ya ga kuskure ya faɗa tun masu sani suna da rai. Malamin da ke ɓoye abin da ya sani don kada a iya aiki sai da shi, hakimi ya tsawata masa, ya kuma haɗa shi da ƙaramin malami mai koyo.

Gara da ɗigon ruwa da ɓera su ne abokan gaban takarda, saboda haka a ajiye littafi cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa. Ɗaukar hoton shafuka da waya yana da kyau, amma waya ta malami ce, ba ta ofis ba. Ranar da aka yi masa canji ko ta faɗa ruwa, an koma gidan jiya. A buga hotunan a takarda, a aika da kofe ɗaya fadar Sarkin Musulmi, ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma, malami mai barin gado da mai karɓa su sa hannu a shafin ƙarshe da aka rubuta, hakimi ya buga hatimi.