Tiyatar Sauya Gwiwa: Yadda Zaɓin Allurar Kashe Zafi Ke Shafar Haɗarin Kamuwa da Ƙwayoyin Cuta

Babbar fargabar likitocin ƙashi bayan sun yi wa mutum tiyatar sauya gwiwa ita ce ƙwayoyin cuta su shiga wurin aikin. Abin bai cika faruwa ba, domin yawanci mutum ɗaya zuwa biyu ne cikin 100 ke gamuwa da shi, amma idan ya faru magance shi na da wahala. Ƙwayoyin kan manne a jikin ƙarfe da robar da aka sanya, su yi wa kansu wani lulluɓi da magani ba ya iya ratsawa cikin sauƙi. Sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar, a cire abin da aka dasa, a shafe makonni ana ba da magani, sannan a dasa sabo.

Wannan ne ya sa masana suka mayar da hankali kan duk abin da zai rage haɗarin, ciki har da hanyar da ake bi wajen kashe wa majinyaci zafi lokacin aiki.

Hanyoyin guda biyu ne. Ta farko ita ce a sa mutum barci gaba ɗaya, a taimaka masa da na'urar numfashi har a kammala. Ta biyu kuwa ita ce allurar gadon baya, irin wadda ake yi wa mata masu haihuwa ta tiyata, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum yana numfashi da kansa.

A shekarar 2010 mujallar Anesthesiology ta wallafa wani bincike daga Taiwan kan mutum 3,081 da aka sauya wa gwiwa ko ƙugu. Cikin kwana 30 bayan aikin, kashi 2.8 cikin 100 na waɗanda aka sa barci sun kamu da ƙwayoyin cuta a wurin tiyatar, yayin da adadin ya tsaya a kashi 1.2 ga waɗanda aka yi wa allurar baya. A 2019 kuma, wani ayarin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar a fifita allurar baya a irin wannan tiyata, matuƙar babu wani dalilin lafiya da ya hana.

Likitoci na bayyana dalilin haka da cewa allurar baya tana buɗe hanyoyin jini na ƙafafu, sai jini da iskar oksijin su isa wurin da aka yanka sosai. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna buƙatar oksijin domin hallaka ƙwayoyin cuta. Haka kuma buƙatar ƙarin jini takan ragu, shi kuwa ƙarin jini an daɗe da danganta shi da raunin garkuwar jiki na ɗan lokaci.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Galibin binciken an yi shi ne ta hanyar duba tsofaffin bayanan asibiti, kuma mai yiwuwa waɗanda aka sa barci sun fi rauni tun farko. Wani nazari da aka yi a asibitin Mayo Clinic da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2015, bai ga bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba ta fuskar kamuwa da cuta a wurin aiki.

Bugu da ƙari, ba kowa ne allurar baya ta dace da shi ba. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, da mai ƙurji a wurin da za a yi allurar, da masu wasu cututtukan zuciya, duk sai an yi taka-tsantsan da su. Allurar kanta tana iya saukar da bugun jini, ko ta jawo ciwon kai, ko wahalar fitsari na ɗan lokaci.

Ga ’yan Nijeriya da ke shirin wannan aiki, ko a asibitocin ƙashi na ƙasa irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas, ko a ƙasashen waje, abin da ya fi muhimmanci shi ne ganawa da likitan sa barci kafin ranar tiyata. A nan ne majinyaci zai faɗi duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya kuma tambayi wace hanya ta fi dacewa da shi.

Akwai kuma matakan da tasirinsu ya tabbata: daidaita sukari ga masu ciwon sukari, daina shan taba makonni kafin aiki, rage ƙiba, da ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta gab da fara yanka. Bayan an koma gida, duk wanda ya ga gwiwar ta yi ja, tana ƙara kumbura, tana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya rufe shi, ya hanzarta komawa asibiti. Kamuwar da aka gano da wuri akan iya magance ta ba tare da an cire sabuwar gwiwar ba.