Gigin Tsufa: Abin da Waƙa Ke Iya Yi wa Tsohonka

Wataƙila kai ma kana da uba ko kawu da ya tafi Abijan tun yana saurayi. Mutanenmu na Tawa da Maraɗi da Dogonduci sun daɗe suna bin wannan hanya. Wasu suna kasa kaya a kasuwar Ajame, wasu suna gasa nama, wasu kuma suna sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, abincin da aka ce ya samo sunansa daga 'yan Nijar masu sayar da shi. Da yawa sun ƙare ƙuruciyarsu a bakin tashar Basam da ke unguwar Tireshbil, inda motoci ke ɗaukar mutane zuwa Basam da iyakar Gana.

To, wata rana sai a bugo maka waya. A ce tsoho ya fara ba da canji sau biyu. Ya manta hanyar ɗakinsa. Jiya da dare an tsince shi a tasha yana tambayar motar garinku, alhali motocin wurin gabas suke yi. 'Yan'uwa su yi karo-karo, su sa shi a mota, su kawo maka shi gida. Ga shi a zaure, bai gane ka ba.

Abu na farko da za ka riƙe: wannan ciwo ne. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Muna kiransa gigin tsufa ko ciwon mantuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da shi, kuma mafi yawansu suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Irin da ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Amma ka kawo tsohon asibiti a duba shi, musamman idan rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, ko faɗuwar sukari na iya rikita tsoho, kuma waɗannan suna da magani.

Ciwon yakan fara cinye abin da ya faru jiya da shekaranjiya, ya bar na ƙuruciya sai daga baya. Shi ya sa wanda ya yi shekara 40 yana ciniki da Faransanci da Julanci zai iya komawa Hausar ƙauyensu kaɗai. Waƙa kuwa tana cikin abubuwan da suka fi daɗewa. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe da waƙoƙin da mutum ya sani tun da can ba sa saurin lalacewa kamar sauran. A gidajen kula da tsofaffi na Turai da Amurka ana sa musu kiɗan zamaninsu, sai wanda ya wuni bai ce uffan ba ya fara kaɗa ƙafa yana bin waƙar. Mu ba mu da irin waɗannan gidaje sai kaɗan. Gidanka ne gidan kula da shi, kuma abin da ake bukata yana aljihunka.

Nemo waƙoƙin da ya ji tsakanin shekara 15 zuwa 30. Tambayi sa'o'insa. Idan Shata yake so, kalangun Shata za ka sa masa. Idan kuntigin Ɗan Maraya Jos ne, shi za ka nema. Kada ka manta ya zauna a Kodebuwa: kiɗan da ya riƙa ji a tasha ma nasa ne, ko da kai ba ka san shi ba. Masu tura waƙa a waya a kasuwa za su sa maka a memori da kuɗi kaɗan. Wanda ya girma a coci, ku rera masa waƙoƙin sujada da ya sani. Wanda ya yi makarantar allo, a sa masa karatu ko ƙasidun da ya saba ji. Tsohuwa kuwa, babu kamar waƙar daka da ta niƙa da ta raino. Ku kifa ƙwarya a ruwa, ku ba ta ludayi, ku gani.

Kada ka kunna ka tafi gona. Zauna kusa da shi, ka yi tafi, ka riƙe hannunsa. Minti 20 ko 30 sun isa. Lokaci mafi kyau shi ne bayan la'asar, domin da yamma ne masu wannan ciwo suka fi tashin hankali, suna cewa za su tafi gida alhali suna gida. Kada sauti ya yi yawa. Dubi fuskarsa: idan wata waƙa ta sa shi kuka mai tsanani ko fushi, canza ta. Kuma don Allah kada ka yi masa jarrabawa, kana cewa "Baba, wa ya yi wannan waƙa?" Rashin amsa kunya yake sa shi.

Hannu ma yana da nasa tunani. Ba shi kaba ya tufka igiya, ko da za ku warware ta da dare. Ba Inna faifai ta saƙa, ko auduga da mazari, ko gyaɗa ta ɓare tare da jikoki. Tsohon ɗan tebur, zuba masa goro a faranti ya kasa, ya ƙirga. Aikin da ya yi shekara da shekaru ke nan. Jikoki masu zuwa makaranta su kawo takarda da fensir mai launi su yi zane tare. Wuƙa da allura da almakashi dai a ɗauke su. Idan aikin bai yi kyau ba, kada a gyara masa a gabansa.

Waƙa ba za ta dawo da abin da ciwon ya ci ba. Abin da aka fi gani shi ne raguwar baƙin ciki da rigima. Wata rana za ta yi aiki, wata rana ba za ta yi ba. Gobe a sake gwadawa. Kuma ko da ya natsu, ɗinka masa takarda a aljihun riga mai sunansa da lambar wayarka, ka sanar da mai shayi da 'yan kamashon tashar garinku, domin ranar da zai fita neman motar Abijan.