IDON DA KE GUDUN HASKE: BA KULLUM NE ƘURA BA

Duk falken da ya taɓa koro shanu daga Damagaram zuwa karar Maigatari a tsakiyar hunturu ya san abin da muke nufi. Ido ya yi ja, yana zubar da ruwa, mutum ba ya iya kallon rana sai ya ja rawani ya rufe fuska. Mun saba cewa ai ƙura ce, za ta wuce. To jama'a, ba kullum ba ne.

Gaskiya ne, ƙura da ƙaiƙayi kan karce baƙin ido, musamman ga masu zama saman tirela. Wannan a wanke shi da ruwa mai tsabta, kada a murza. In an kwana bai lafa ba, sai asibiti.

Akwai kuma apolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969. Shi yaɗuwa yake ta hannu, da tawul, da kwallin da ake sawa tare. A masaukin fatake mutum ɗaya kan raba wa kowa. Masu ciwon ɓarin kai ma kan guji haske, haka yaron da ƙyanda ta kama.

Amma wanda muke jin tsoro shi ne sanƙarau. Idan gudun haske ya haɗu da zazzaɓi, da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya, kada a jira kasuwa ta tashi. A 1996 zuwa 1997 cutar ta kama mutane fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma Nijar da arewacin Nijeriya na cikin inda ta fi ɓarna. Lokacinta rani ne, lokacin da muka fi yin tafiya.

Dabbobinmu ma ba su tsira ba. Saniyar da ke runtse ido tana neman inuwa, hawaye na bin kuncinta, mai yiwuwa ciwon idon da ƙudaje ke ɗauka ne daga wannan zuwa waccan. In aka bari farin tabo ya fito, dillali ba zai ɓoye shi ba, farashi ya faɗi. A ware ta, a kira malamin dabbobi.

Roƙonmu ɗaya: kada a ɗiga fitsarin shanu, ko ruwan batir, ko maganin ɗigawa na 'yan talla. Wasunsu kan mai da ƙaramin gyambo makanta. Falken da ba ya gani, da me zai taya sa?

Allah Ya kiyaye hanya, amin.