Ciwon damuwa da bangaskiya: Yadda Fasto Spurgeon ya jure

A 1856, Charles Spurgeon na tsaka da wa'azi a zauren Surrey Gardens da ke Landan sai aka yi ihun gobara. Mutum bakwai suka mutu a turmutsutsun. Faston, mai shekara 22, ya faɗa ciwon damuwa, wanda ya riƙa taso masa har rasuwarsa a 1892.

Masu bi da dama kan ɓoye wannan ciwo, gudun a ce bangaskiyarsu ta raunana. Shi kuwa a cikin wa'azi yake faɗin nasa. Ta'aziyyarsa ita ce Yesu ma ya sha baƙin ciki a Getsamani, don haka ya san halin mai kuka.

Bai tsaya ga addu'a kaɗai ba. Ya gargaɗi ɗalibansa su riƙa hutu da shan iska, domin gajiyar jiki kan karya zuciya.