Arewa: Yadda masunta ke zaɓen koto kafin kifi ya zuba ƙwai

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso babu kogin da ke gudana duk shekara. Abin da ake da shi tafkuna ne da ke kwance a kwarin Dallol Mawri, irin su Tafkin Saw na garin Dogon Dutsi. Yawancinsu ba su da zurfi, kuma sukan janye sosai da bazara. Don haka kamun kifi a nan sana'a ce ta lokaci.

Da zarar ruwan sama ya cika tafki ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa kan baro tsakiya ta nufo gefe, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, domin a nan take zuba ƙwai, galibi da dare. A wannan ɗan tsakanin tana kusa da hannu, masunci ba ya buƙatar kwalekwale.

Tarwaɗa da wari take farauta, gashin bakinta ne ke kai ta ga abinci. Shi ya sa a ruwan da ya gurɓace da laka, koto mai ƙarni ya fi aiki: tana, hanjin kaza, ƙaramin kwaɗo ko gutsuren kifi. Wasu ma ɗan guntun sabulu suke saƙalawa a ƙugiya, kuma tana ci. Shinge, wanda ke fitowa bayan ruwan farko, koto ne da ba a saye, yara ke tara shi a gindin fitila.

Karfasa kuwa dabam take. Bakinta ƙarami ne, abincinta ya fi karkata ga gansakuka da ganye, saboda haka ƙaramar ƙugiya da curin dusa ko tana ake sa mata. Namijin kan haƙa ɗan gurbi a yashin gefe, macen kuma ta riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Duk wanda ya kama ta a wannan hali, ɗaruruwan 'ya'ya ya kama.

Kifin roba mai ƙyalli da masunta a Amurka ke jefawa kafin kifinsu ya yi ƙwai, an yi shi ne don kifin da ke farauta da ido. A wannan yanki giwan ruwa ce ta dace da shi, ita kuma ta fi son ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa.

Matsalar ita ce, tarwaɗar da ta fi nauyi a kasuwa a wannan lokaci ita ce mai ciki cike da ƙwai. Tafkin da ba ya haɗe da kogi ba shi da inda sabon iri zai shigo masa, sai dai ma'aikatan muhalli su kawo 'ya'yan kifi su zuba, kamar yadda ake yi a tafkunan Nijar da dama. Dokar kamun kifi ta 1998 ta haramta guba da abubuwan fashewa, amma kamun mai ƙwai da ƙugiya abu ne da sai mutanen gari sun tsaya a kansa.

Maƙwabta a Argungu, jihar Kebbi, suna hana su a Matan Fada har sai ranar bikinsu, kuma sarkin ruwa ke kula da hakan. A tafkunan Arewa, babbar ƙugiya da ƙananan kifi ba sa iya haɗiya, da hutun 'yan makonni bayan ruwa ya cika, su ne matakan da ba sa cin ko dala.