Kifin Teku a Gilashi, ko Tarwada a Baho?

Wani mai sauraronmu daga Dauran, ƙaramar hukumar Zurmi, ya aiko mana da wasiƙa. Ya ga akwatin gilashi mai kifayen teku masu launi a Legas, yana so ya kai wa mahaifinsa tsaraba. Shin zai yi?

To malam, Allah ya yi albarka, amma dakata. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma gishirin miya ba ya yi, sai na musamman. Ga famfo mai son lantarki dare da rana. In wuta ta daɗe a ɗauke, kifi ya mutu, tsoho ya shiga damuwa, kuɗinka sun tafi.

Shawarata, sai masa 'ya'yan tarwada da babban baho na roba. Tarwada tana iya shaƙar iska, ruwan rijiya ya ishe ta. A riƙa sauya ruwan duk kwana biyu ko uku, a rufe baho da raga. In tana samun abinci mai kyau, takan kai kilo guda cikin wata shida. Baba ya ci, sauran a kai kasuwar Shinkafi ran Alhamis.

Amma fara tambaya: wa zai riƙa ɗebo masa ruwan? Sai mun ji daga gare ka.